Anti Zipporah da Tsibirin da Ya Canja Ƙasa

Ƙarfe bakwai da kwata na safe Anti Zipporah take barin gidanta a McLeansville, bayan ta zagaya baya ta duba ko barewa ta sake cinye mata yakuwa. Tana isa laburare tun ba a buɗe wa jama'a ba, ta gaisa da mai gadi, ta sauka bene zuwa ɗakin ƙasa wanda ba shi da taga ko ɗaya. A nan ake ajiye taswirori da tsofaffin jaridu da takardun gwamnati waɗanda sai a yi wata ba wanda ya tambaye su. A takarda sunan aikinta mataimakiya. Ita ke jerawa, ita ke goge ƙura, ita ke zaro takarda idan na'urar kwafi ta haɗiye. Shekara ashirin da huɗu ke nan tana wannan, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Yawancinmu 'yan Arewa da ke Greensboro, nan Amurka, mun san ta ne a matsayin matar Baba Eli, wadda ba a suna ko biki ba ta aiko da kular kunun gyaɗa ba, na coci ne ko na masallaci. Kaɗan ne suka san cewa lauya ta karanta a Jos, kuma abin da ta fi zurfafawa a kai shi ne iyakokin da Turawa suka bar mana. Da ta biyo mijinta nan da yara uku ƙanana, takardar shaidarta ba ta buɗe mata ƙofar kotu ba, ita kuma ba ta tsaya kuka a kai ba. Duk wanda ya kira ta Barista sai ta ɗaga hannu.

"A'a, kar ka ja mini. Ni ba lauya ba ce a ƙasar nan. Mai nemo takarda ce."

Waɗanda suka je sunan jikan Alhaji Abdulmuhaimin shekarun baya ba su manta ba. Maza sun cika falo, an ƙoshi, sai gardamar Bakasi ta tashi. Wannan ya ce sayar da ita aka yi, wancan ya ce da an bar sojoji da tuni an gama. Anti ta shigo ɗaukar faranti, ta tsaya ta saurara, sannan ta ce, "Alhazai, cikinku wa ya karanta hukuncin Kotun Duniyar?" Aka shiga kallon-kallo. Ta ce, "Yana wurina, kyauta ne, har kujera akwai. Ku zo ranar Litinin." Ba wanda ya je, amma an yi shekara ba a sake tayar da zancen a gabanta ba.

Wanda ya je, daga baya, ba don gardama ya je ba. Malam Sanda ne, wanda muke aiki tare a wani sito kusa da titin Wendover, shi yana tuƙa motar ɗaga kaya. Kafin ya zo Amurka bakaniken injin jirgin ruwa ne a Tafkin Chadi. A can, a wani tsibiri da ake kira Tumbun Gwangwani, aka haifa masa 'yarsa Ilham a farkon shekarar 2002. Uwar ta rasu yarinyar tana da shekara huɗu, kaka ta riƙe ta. Da ya ci cacar biza ya taho, tsohuwa ta ce ba za a raba ta da jikarta ba, shi kuma bai iya musa wa uwarsa ba. Sai da tsohuwar ta rasu a Maiduguri, shi kuma ya zama ɗan ƙasa, sannan ya cike takardun ɗauko Ilham, tana da shekara ashirin.

A nan ya yi kuskuren, kuma tsoron ƙarya ne ya sa shi. A fom ɗinsa na farko, tun na biza, ya rubuta an haife ta a Tumbun Gwangwani, Jihar Borno, Najeriya. A wannan na biyun, da ya zo wurin, sai ya ce bari ya tabbatar. Ya buɗe taswira a waya ya nemi Darak, garin da suke cin kasuwarsa a da, sai ya ga an rubuta Kamaru. Ya ce mutanen nan suna da na'urori, za su duba su ce ya yi musu ƙarya. Sai ya rubuta Kamaru.

Bayan wata goma wasiƙa ta zo daga ofishin shige da fice. Ba zagi, ba barazana. Cewa kawai suka yi: a takarda ɗaya Najeriya, a ɗaya Kamaru, takardar haihuwa kuma ta Najeriya ce, a nuna musu cewa yarinya ɗaya ce, a kuma bayyana inda aka haife ta. Suka ba shi kwana tamanin da bakwai. A lokacin Ilham ta riga ta cika ashirin da ɗaya. Idan aka yi watsi da wannan takarda ya sake sabuwa, ba a layin yara za a sa ta ba, sai a na manya, inda ake shekara bakwai, takwas, ana jira. Malam Sanda ya ninke wasiƙar ya cusa a aljihun mota. Kwana talatin da ɗaya tana can. Kullum in ya tashi aiki sai ya zaro ta ya karanta, ya mayar. Ilham ta kira ta ce, "Baba, akwai labari?" ya ce mata ana nan ana bi.

Moutari, mutumin Diffa da ke ɗaure kwali a layinmu, shi ya fara lura mutumin ya daina cin abinci. Da ya ji dalili sai ya yi dariya.

"Wannan ne kake rama a kai? Kai dai ba ka da wayo, ɗan Barno. A buga wa wani a Maiduguri, a yi sabon papiye, takardar haihuwa sabuwa fil, a sa an haife ta a asibitin birni. Shi ke nan, se fini."

"Na uku ke nan," in ji Malam Sanda. "Biyu sun hana ni barci, ka ce in ƙara na uku?"

"To je ka wajen matar Baba Eli. An ce duk ƙasar da ta ɓata tana cikin durowarta."

Ni na tuƙa shi ranar. Muka sauka benen muka same ta tana liƙe wata taswira da ta yage. Bayan gaisuwa ya miƙa mata wasiƙar, ya fara bayani yana haɗa farko da ƙarshe. Ta bar shi har ya gaji, sannan ta duba kwanan watan da ke saman takardar, ta dube shi ta saman tabarau.

"Baban Ilham, wata guda kana dafa ta ne ko kana shanya ta?"

Ya sunkuyar da kai.

"To ya wuce. Zauna. Kar ka gaya mini wace ƙasa. Gaya mini wace shekara."

Haka take aiki, kowa ya shaida. Ba ta fara tambayar mutum ɗan ina ne. Shekara take fara tambaya, sannan wace tuta ke gaban makaranta a shekarar, wane kuɗi ake kashewa a kasuwa, wa ke karɓar harajin kifi. Malam Sanda ya ce naira, ya ce ɗan sandan Najeriya, ya ce malaman firamare daga ƙaramar hukumarsu ake turo su. Ta jawo wata faffaɗar durowa ta shimfiɗa taswirar tafkin, ta ɗora yatsa a kan wani layi miƙaƙƙe da ya ratsa ruwa kamar an ja shi da rula.

"Ka ga wannan? Ingila da Faransa suka ja shi a takarda, tun kakanka yana saurayi. Ba su jiƙa ƙafa ba. Da aka ba mu 'yanci, shugabannin Afirka suka zauna suka ce kowa ya riƙe iyakar da ya gada, don in aka ce a sake rabo yaƙi ba zai ƙare ba. Sai ruwa ya ja baya, kuka bi shi. Gwamnati ta biyo ku da makaranta da ɗan sanda. Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya. A watan Oktoba na 2002 kotu ta ce makaranta da haraji ba su goge layi. Bayan shekara guda aka miƙa garuruwan."

"Mu fa, Anti? An tambaye mu?"

"Ba a tambaye ku ba. Wannan ba zan ɓoye maka ba, kuma ni ma yana ci mini rai. Amma dai da takarda aka rabu, ba da gawa ba." Ta ɗago ta dube shi. "Abin da nake so ka ji shi ne, ba ka yi ƙarya ba. Sau biyu ka faɗi gaskiya, ba ka dai faɗi shekara ba."

Mutumin da ya yi wata bai ci abinci ba ya rufe fuska da hularsa. Ta tashi kamar ba ta gani ba, ta je ta yi ta buɗe durowar da ba ta bukata. Da ta dawo ta ce azahar ta yi, ga lungu tsakanin kantocin littattafai ya yi salla, kuma kada ya fuskanci gabas sak, ya ɗan karkata arewa, ta auna da kanta tun shekarun baya saboda ɗalibai.

Anti Zipporah, ke ce ba ki ce masa kar ya damu ba. Duk mun faɗa masa haka, bai yi masa amfanin komai ba. Ke kujera kika ba shi, da tambayar da yake da amsarta.

A ranar ta haɗa shi da wata lauya, Rachael, matashiya a wani ofishin taimakon baƙi, don Anti ta ce ita ba za ta sa hannu a abin da ba huruminta ba. Bayan mako guda Lauya Rachael ta zo laburaren da murna. Ta samo Tumbun Gwangwani a wata tsohuwar taswira, ga shi nan ƙarara a ɓangaren Najeriya, nesa da layin. Ta ce magana ta ƙare, za a rubuta cewa kuskuren hannu ne, Najeriya ce daidai, a ba da haƙuri. Malam Sanda ya ji daɗi har ya fara godiya. Anti kuwa tana ta kallon ɗigon.

"Baban Ilham, daga nan zuwa Darak minti nawa ne a jirgi?"

Ya leƙa. "Daga nan? Ai wannan tsohon gari ne, Anti. Tun ina yaro ya zama gonar wake. Ko kwale-kwale ba ya zuwa."

"To a ina aka haifi Ilham?"

"A Tumbun Gwangwani mana."

"Wanne?"

"Na uku."

Lauya Rachael ta ce a fassara mata, aka fassara, ta ajiye biro. Shi kuma ya yi ta mamakin abin da ya ba su mamaki. A wurinsu ba wani abu ba ne. In ruwa ya gudu ya bar gari a tudu, bulama yakan sa a tumɓuke turakun masallaci a loda a jirgi tare da sikelin kasuwa, a bi ruwa har inda ya tsaya, a kafa. Sunan gari kuma tare ake tafiya da shi, saboda fatake daga kudu da sunan suka san kwalayen bandarsu. In ka canja suna ka rasa masu saye. Sau biyu suka tashi a rayuwarsa, kullum gabas. Ba wanda ya taɓa ce musu sun tsallaka wani abu. Ruwa ne a gaba, ruwa ne a baya.

Da an aika waccan amsar, da an rantse a kan wurin da ba a haifi yarinyar ba. Wata tambaya ɗaya a ofishin jakadanci ta isa ta rushe komai, kuma wannan karon da sunan ƙarya.

Sai Anti ta ɗauko farar takarda mai shara-shara ta ɗora a kan taswira, ta ba shi fensir. Ta ce ya manta da ƙasashe, ya yi mata maganar bakanike. Nan fa bakinsa ya buɗe. Inji mai doki ashirin da biyar, jirgi cike da kaya, daga bakin kasuwar Darak minti ashirin da biyar, in da safe ne rana tana kafaɗar hagu. Ta tambayi gudun irin wannan jirgi, ya faɗa har da bambancin in ciyawa ta kama farfela. Ta auna da rula, ta zana ɗan da'ira. Ko an ƙara ko an rage, da'irar tana cikin Kamaru.

Saura kwana arba'in da tara. Tsibirin nasu ƙarami ne, ba ya cikin sunayen da ke hukuncin, don haka sai an samo abin da zai ɗaure shi da Darak. Ta ce a tuna, duk wata takarda, ko ta sayen maganin sauro ce. Kwana huɗu ba a samu komai ba. A na biyar Kubura, ƙanwarsa da Ilham ke zaune a wurinta, ta zazzage akwatin ƙarfen marigayiya uwar Ilham, wanda tsohuwar ta ɗauko a ka lokacin da suka gudo daga Baga. A ƙasan zannuwa ta sami katin rigakafi, ya yi ja don tsufa: sunan yarinya, sunan uba, Tumbun Gwangwani, da hatimin ɗakin shan magani na Darak mai ɗauke da sunan ƙaramar hukumar Najeriya. Aka nemo dattawa biyu 'yan tsibirin da ke gudun hijira a Maiduguri, suka yi rantsuwa a kotu kan yadda garin ya tashi sau biyu. Ɗayansu ma sai da aka kai shi a keken guragu.

Abin da Anti ta yi a makonnin nan, abokan aikinta ne suka ba mu labari, ba ita ba. Hutun cin abincinta gaba ɗaya a kan wannan ya tafi. Ta rubuta wa laburaren wata jami'a a wata jiha aka aro mata taswirar da ke nuna yadda tafkin ya janye. Ta ciro shafukan hukuncin da ake bukata, ta ja layi a ƙarƙashin abin da ya shafe su kaɗai. Ta rubuta bayani shafi huɗu, ta yage, ta mai da shi biyu, ta ce jami'in da zai karanta yana da tari a gabansa kuma wataƙila bai taɓa jin sunan tafkin ba. Kafin ta miƙa wa lauya sai da ta zaunar da Malam Sanda ta juya masa kowane layi da Hausa.

"In akwai inda ba haka ba ne, faɗa yanzu. Sunanka ne zai hau, ba nawa ba."

Ya gyara mata wuri ɗaya: ta rubuta kakar yarinyar ta wajen uwa, alhali ta wajen uba ce. Ta gode masa kamar shi ya yi mata aiki. Saura kwana shida aka aika.

Ya zo mata da kuɗi a ambulan, ta ce ya mayar aljihu kafin ranta ya ɓaci. Ya koma ya dawo da bandar tarwaɗa daga shagon 'yan Afirka. Ta shinshina ta ce, "Wannan kam ba na gardama da shi. Amma ba ta kai ta tafki ba, kar ka ruɗe ni."

Wata bakwai aka yi ana jira. Duk uban da ya taɓa ajiye ɗa a wata ƙasa ya san irin wannan jira: waya na ƙara gabanka na faɗuwa, ta yi shiru ma gabanka na faɗuwa. Malam Sanda yakan fita duba akwatin wasiƙa har ranar Lahadi, da ya san ba a kawowa. Duk ranar Laraba kuma Anti takan kira shi, ba don tana da labari ba. "Ka ci abinci? Me ka ci? Shayi ba abinci ba ne, Baban Ilham."

Aka amince da takardar. Saura ganawa a Legas, inda yarinya za ta tsaya ita kaɗai gaban gilashi. Kubura ta ce a koya mata ta ce Najeriya kawai, kar ta tsawaita. Anti ta karɓi waya ta ce, "Ilham, 'yata, ba abin da za ki haddace. Abin da ya faru za ki faɗa, da shekararsa."

Muna sito da safe, ana sauke wata tirela, wayarsa ta yi ƙara. Ya kashe inji ya sauko, ya sa a lasifika.

"Baba, sun tambaya."

"Me kika ce?"

"Na ce an haife ni a tsibiri a Tafkin Chadi. Lokacin Najeriya ke riƙe da shi, yanzu na Kamaru ne. Matar ta duba takardun Anti, ta daɗe tana karantawa. Sai ta ce ba ta taɓa sanin wannan ba."

"Sannan fa? Ilham, sannan fa?"

"Ta karɓi fasfo ɗina, Baba. Ta ce in zo in ɗauka da biza."

Ya zauna a kan katakon kaya. Moutari ya cire hula yana ta faɗin Alhamdu lillahi, sannan ya ce shi dama tun farko ya san hanyar gaskiya ta fi, aka yi masa ca.

Ilham ta sauka a watan Satumban nan. Kwana biyu da zuwanta uban ya kai ta ɗakin ƙasa. Ta durƙusa har ƙasa, Anti ta ɗago ta tana faɗa wai za ta ɓata mata siket. Yarinyar ta ce a nuna mata wurin. Aka shimfiɗa taswira, ta daɗe tana kallon ruwan da ba ta iya tunawa, sannan ta ce, "Anti, to ni 'yar ina ce ke nan?"

"Kotu ƙasa ta raba, 'yata. Ba ta ce komai a kanki ba. Ke 'yar wancan mutumin ce da ke tsaye yana kuka a gaban mutane."

Anti Zipporah, mai nemo takarda, ke ce kika karanta abin da manyan ƙasashe suka rubuta a kanmu ba da saninmu ba, kika juya shi ya yi wa bakanike aiki. Ba Malam Sanda kaɗai ba ne. Akwai Mama Celina da aka haifa a Bakasi, akwai ɗaliban da kika zauna da su kan rikicin mallakar tsibiran Chagos har suka daina jin kunyar ɗaga hannu a aji, akwai waɗanda ba su yarda a faɗi sunansu ba. Ba a taɓa kiran ki kan mumbari an ba ki allon yabo ba. Mun gode. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya raya miki naki 'ya'yan, ya sa su sami mai tsaya musu a inda ba ki nan.

Saura mu. Daga wata mai zuwa ba wanda zai zauna a kujerar nan da ke jin Hausa. Muna da yara a jami'a masu karatun lauya da tarihi. Anti ta ce duk wanda zai ba da Asabar ɗaya a wata, za ta koya masa a teburin kicin ɗinta. A turo su. Mu kuma iyaye, da yawanmu an haife mu a wuraren da suka tashi, ko aka ƙone, ko aka canja musu suna, kuma 'ya'yanmu ba su san ko ɗaya ba. A zaunar da su tun muna da baki. In sun amsa da Turanci, a bar su su amsa, amma biro ya kasance a hannunsu. Ranar da za a tambaye su a bayan gilashi, ba ma wurin.